Makiyaya Aka Fara Yi Wa Albishir

Rubutun wannan makon zai ɗan ratse hanya, don Allah a karanta har ƙarshe kafin a yanke min hukunci.

Lokacin da nake difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke nan Talata Mafara, ina da aboki Kirista ɗan ƙasar Zuru. Wata shekara Kirsimeti ta riske shi a nan saboda tsoron hanya. Na kai masa tuwo daga gida, hira ta yi hira, na tambaye shi yadda labarin haihuwar Annabi Isa (AS) ya zo a littafinsu. Ni Musulmi ne, aƙidata a kan Annabi Isa tana nan yadda Alƙur'ani ya koya min. Amma akwai abin da ya tsaya min a rai tun ranar.

A ruwayar Luka, umarnin ƙidaya daga sarkin Rum ne ya taso Maryamu da Yusufu daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar fiye da kilomita 100, tana da tsohon ciki. Suka rasa wuri a masauki. Da ta haihu, a komin dabbobi aka kwantar da jaririn. To wa aka fara sanar wa? Ba fada ba, ba manyan malaman Urushalima ba. Makiyaya ne masu kwanan daji suna gadin garkensu. A ruwayar Matiyu kuma, baƙi ne daga gabas suka zo gaisuwa, yayin da sarkin ƙasar, Hirudus, ke neman ran yaron, har iyalin suka yi gudun hijira zuwa Masar cikin dare. Abokina ya ce darasin da suke ɗauka shi ne, wanda gari ya rasa inda zai ajiye shi, Allah bai manta da shi ba. Na tuna mu ma a Suratu Maryam ita kaɗai naƙuda ta kama a gindin dabino, nesa da mutane, kuma da ta dawo danginta ne suka fara jifanta da zargi.

Yanzu mu duba gida. Matan da suka tsero daga ƙauyukan Maradun da Bakura suna kwana a kangwaye da barandar shaguna. Wani mai gida da ya ji daga ƙauyen da mutum ya fito sai ya ce ɗakin an riga an kama, ko ya ninka kuɗin haya. Wani kuma a bayan idonsu yake raɗa cewa ƙila masu kai wa 'yan bindiga rahoto ne. Bafulatana mai tallar nono da muka taso muna sayen fura a hannunta, yau kallon da ake mata ya isa ya hana ta shigowa kasuwar Talata, alhali wataƙila nata shanun aka fara korewa.

Na san abin da za a ce min, kuma ba ƙarya ba ne. An kwashe 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, an kwashe ɗaliban Kaya a Satumbar shekarar. Tsoronmu yana da dalili, kuma masu kai rahoto suna nan. Wanda aka samu da hujja a miƙa shi ga hukuma. Amma hukunta tsohuwa da jikokinta saboda sunan ƙauyensu ko yarensu ba tsaro ba ne, zalunci ne kan wanda aka riga aka zalunta. Kuma mu da iyayenmu suka ga yadda madatsar Bakolori ta tashi manoma daga gonakinsu, har aka zubar da jini a 1980, bai kamata a koya mana ɗacin rasa gida ba.

Hunturu ya kankama. A layinmu kaɗai kango biyu ne ke da mutane a ciki, ɗaya har da mai juna biyu. Ranar Juma'a bayan La'asar zan kai musu bargo da tabarma. Duk wanda ke da ɗaki ko shagon da ba kowa a ciki, ya yi min magana kafin ranar.