Kar ka toshe wa kwamfaila baki

Duk wanda ya taɓa sabunta GCC ko Clang ya san abin da ke biyo baya: manhajar da jiya ta haɗu lafiya lau, yau ta cika allo da gargaɗi. Yawancinmu sai mu saka -w, allo ya yi tsit, mu ci gaba da harkarmu. Ni dai a ganina wannan ganganci ne.

Ku tuna abin da ya faru da Apple a Fabrairun 2014. Layi ɗaya ne, goto fail, aka maimaita sau biyu, sai iPhone da Mac suka riƙa tsallake wani mataki na tantance shafukan intanet masu tsaro. Clang na da gargaɗin da ke nuna layukan da aiki ba zai taɓa isa gare su ba, amma ba ya cikin -Wall, sai ka kunna shi da kanka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To shi ke nan a saka -Werror, kowane gargaɗi ya tsayar da aiki? Nan ma a yi a hankali. A Satumban 2021 Linus Torvalds ya yi wa Linux 5.15 haka, aikin mutane da yawa ya tsaya cak. Cikin 'yan kwanaki aka sassauta, ya koma yana kunnuwa da kansa a haɗin gwaji kawai. Dalilin a fili yake: kwamfailar wani daban take da taka, gargaɗinta ma daban.

Shawarata ita ce a raba biyu. Kunna -Wall da -Wextra a ko'ina. Shi kuwa -Werror, bar shi a na'urar gwajinka, wadda ka tsayar mata da sigar kwamfaila ɗaya. In wani gargaɗi bai da tushe, kashe shi shi kaɗai da sunansa, ka rubuta dalili a gefe.

Jinkiri ma ba mafita ba ne. GCC 14 na 2024 ya mayar da wasu tsofaffin gargaɗin yaren C sun zama kuskure kai tsaye.

Ku samarin Jarwal masu rubuta wa masaukan alhazai manhajar rajista, ku kuka fi kowa buƙatar wannan. Ranar da motoci suka fara sauke baƙi, babu mai lokacin gyara. A share gargaɗin nan tun Shawwal bai kama ba.