Ƙarancin Ruwa A Arewa, Asara A Kasuwannin Kurmi

Duk falken da ke sauke bandar kifi a Anaca, ko shanu a Garkin Inugu da mahautar Fatakwal, jarinsa yana rataye ne da ruwan Arewa. Tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, amma farin 1973 da na 1984 suka zaftare mafi yawansa. Da ruwa ya janye, sai kifin Baga ya yi tsada tun kafin a ɗora shi a mota. Madatsun Tiga da Challawa kuma sun rage ruwan da ke malala fadamun Haɗeja da Nguru, inda makiyaya ke cin rani.

Wata shekarar kuwa yawan ruwan ne masifar. A 2022 ambaliya ta datse hanyar Lakwaja, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye, kayan gwari suka ruɓe, alhali galibi bashi aka ɗauko su.

Bai dace ƙungiyoyin fatake da sarakunan Hausawa na Kurmi su tsaya ga kukan harajin hanya kaɗai ba. Kamata ya yi su sa baki kan yadda ake sakin ruwan madatsu, su kuma kafa asusun tallafa wa wanda kayansa suka lalace a hanya.