Turakun Lantarki a Mashigin Kogi: A Sauya Su Tun Suna Tsaye

A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewacin Najeriya sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Layin Shiroro zuwa Kaduna ya riga ya lalace a hannun ɓarayi da 'yan bindiga, sai kuma layin Ugwuaji zuwa Apir mai ƙarfin kilobolt 330 ya tsinke a wani daji mai fadama a jihar Binuwai. Masu niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara suka zauna hannu rabbana, asibitoci suka koma kan janareto. Waya ce ta tsinke a doron ƙasa ta jawo wannan asara. Da turke ne ya kife a mashigin kogi, da gyaran ya ɗauki lokacin da ya ninka haka.

Manyan layukan ƙasar nan ba su da makawa sai sun tsallake ruwa. Wutar da ke tasowa daga Apir zuwa Jos sai ta haye kogin Binuwai, wadda ke barin Benin zuwa Onitsha kuwa sai ta haye kogin Neja. Layukan farko na wannan tsari an shimfiɗa su ne tare da madatsar Kainji, wadda ta fara aiki a 1968. Ƙarfen da aka kafa a wancan zamani ya haura shekara 50 yana shan rana da ruwa.

Turken mashigin kogi ya bambanta da 'yan'uwansa na tudu. Tazarar da ke tsakaninsa da na ɗaya gaɓar tana da tsawo, saboda haka wayar ta fi nauyi, ta fi lanƙwasowa, musamman idan ta yi zafi. Dole a ɗaga turken sosai domin jiragen ruwa su wuce lami lafiya ko da kogi ya cika ya batse. Tsawon nan kuma shi ke ba iska damar jijjiga shi. A sama, danshi na cinye tutiyar da aka lulluɓe ƙarfen da ita, tsatsa ta samu ƙofa. A ƙasa, igiyar ruwa na zaizaye ƙasar da ke riƙe da tushensa. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna irin ɓarnar da kogunan nan biyu ke iya yi wa gaɓoɓinsu.

Masu ganin cewa a jinkirta suna da hujja. Kuɗi sun yi ƙaranci, masu kwance turaku sun addabi kamfanin TCN, kuma garuruwa da dama ba su taɓa ganin wuta ba. Sai dai wannan lissafi ya manta da bambancin gyaran shiri da gyaran dole. Turken tudu idan ya faɗi ana iya kafa na wucin gadi cikin kwanaki. Na kogi kuwa yana bukatar zane na musamman, da ginshiƙan kankare masu zurfi, da jiran rani kafin manyan motoci su isa gaɓa. In an shirya, ana gina sabon turke a gefen tsohon, a mayar da wayoyi a kansa, sannan a kwance tsohon, ba tare da an daɗe da ɗauke wuta ba. In kuwa an jira ya faɗi da damina, sai jama'a su biya kuɗin jiran da cinikinsu da lafiyarsu.

Abin da ya kamaci TCN da hukumar NERC da Majalisar Tarayya shi ne a binciki kowane turken mashigi daga tushe har ƙololuwa, a bayyana sakamakon ga jama'a, a jera su bisa girman haɗari, sannan a ware musu kaso na dabam a kasafin kuɗi wanda ba za a karkatar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranin da ke tafe shi ne lokacin aiki, tun kogi bai yanke hukunci da kansa ba.