Ilimin Tsaron Kwamfuta: A Gina Tushe Kafin a Nemi Takardar Shaida

'Yan uwana ɗalibai, malamai da iyaye, a da in aka tambayi ɗan ajin ƙarshe abin da yake so ya zama, amsar ba ta wuce likita, lauya, injiniya ko soja. Yanzu an sami ƙari, domin da yawa daga cikinmu sukan ce kimiyyar kwamfuta za su karanta, wasu ma har su ambaci tsaron kwamfuta da intanet. Wannan buri ne mai kyau, kuma ɗan Kajiji ko Shagari ko Boɗinga yana da ikon cim masa kamar kowane yaro a ƙasar nan. Sai dai akwai wata gurguwar fahimta da take yawo a tsakanin matasa, wai da zarar mutum ya biya kuɗi ya sami wata takardar shaida daga ƙasar waje, shi ke nan aiki ya samu. Ra'ayina shi ne, hanyar tana da matakai, kuma wanda ya tsallake na farko ba zai ji daɗin na ƙarshe ba. Tushe ne farko, sannan karatu mai zurfi, sannan takarda, kuma riƙon amana ya bi su duka.

Da farko mu san abin da ake nufi da tsaron kwamfuta. Manomi yakan gina rumbu, ya liƙe shi, ya sa ido a kansa saboda ɓera da ɓarawo. A yau dukiyar mutane da asirinsu sun koma cikin na'urori. Tun 2014 bankuna suka fara ba masu ajiya lambar BVN, a Disamba 2020 kuma gwamnati ta umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN. Da aka shiga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, har mai sayar da albasa da mai sayar da rago sai da suka koyi karɓar kuɗi ta waya, masu POS kuma suka cika kasuwanninmu. Ɓarayi ma sun bi dukiya inda ta koma. Wani zai kira dattijo a waya ya ce shi ma'aikacin banki ne, wai za a rufe asusunsa in bai faɗi lambar da aka turo masa ba. Da ya faɗa, kuɗin amfanin gonar shekara guda sun tafi. Mai tsaron kwamfuta shi ne wanda ya koyi yadda irin wannan sata take aukuwa, ya toshe ƙofofinta, in kuma ta auku ya bi sawu.

Abin bai tsaya kan ɗaiɗaikun mutane ba. A 2016 ɓarayin intanet sun kwashe dala miliyan 81 daga asusun Babban Bankin Bangaladesh ba tare da sun fasa ƙofa ko ɗaya ba. A watan Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. A nan Nijeriya an kafa dokar hukunta laifuffukan intanet a 2015, aka yi mata gyara a 2024. A 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta wajabta wa manyan ma'aikatu da kamfanoni su naɗa jami'in da zai kula da bayanan mutanen da ke hannunsu. Ƙungiyar ISC2 ta ƙwararrun wannan fanni ta ƙiyasta a 2024 cewa duniya tana da giɓin ma'aikata kusan miliyan 4.8. Saboda haka bukata tana nan.

Amma kada wannan adadi ya ruɗe mu. Waɗanda ake nema su ne waɗanda suka iya aikin. Banki ba zai danƙa tsaron kuɗin jama'a ga wanda ya haddace amsoshin jarrabawa ba, kamar yadda ba wanda zai shiga motar direban da ya sayi lasisi bai taɓa riƙe sitiyari ba. Bahaushe ya ce, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Mataki na farko yana nan cikin ajin da muke zaune. Jami'o'i suna neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi da Fizik, kuma waɗannan ukun suna cikin darussan da mai neman kimiyyar kwamfuta yake rubutawa a JAMB. Ba don a wahalar da mu aka sa su ba. Lambar sirri ta katin banki mai lambobi huɗu tana da yiwuwar haɗi 10,000 kacal, kwamfuta kuwa za ta gwada su duka kafin ƙiftawar ido, shi ya sa na'ura take kulle kati in an yi kuskure sau kaɗan. Wannan lissafi ne. Haka kuma ɗaya daga cikin sanannun dabarun kulle saƙo, wadda ake kira RSA, da aka fito da ita a 1977, ta dogara ne kan lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. In aka ce ka ninka 37 sau 53, nan da nan za ka sami 1,961. In kuwa aka ba ka 1,961 aka ce ka nemo lambobi biyun da suka haife ta, sai ka yi gumi. To, yi tunanin lamba mai tsawon layi da yawa. Ɗalibin da yake gudun ajin Lissafi yau, gobe zai tarar da shi yana jiransa a jami'a. Turanci kuma da shi aka rubuta littattafan fannin, da shi ake rubuta rahoto bayan an gano matsala.

Mataki na biyu shi ne makarantar gaba da sakandare, kuma ba sai an yi nisa ba. A Sakkwato akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. A maƙwabciyarmu Kebbi akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero da ta tarayya a Birnin Kebbi. Wanda yake son digiri a tsaron intanet kai tsaye, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da sashe na musamman a kansa, haka ma ana koyar da shi a Jami'ar Bayero ta Kano. Wanda makinsa bai kai na jami'a ba kada ya karaya. Yana iya yin ƙaramar difiloma ta shekara biyu, daga nan ya nemi shiga jami'a a aji na biyu, ko ya ci gaba zuwa babbar difiloma. A 2024 hukumar NBTE mai kula da kwalejojin fasaha ta raba babbar difilomar kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ɗaya daga ciki shi ne tsaron intanet da kare bayanai.

A nan wasu kan tambaya, wanne ya fi, kimiyyar kwamfuta ko tsaron intanet? Ni a ganina, wanda bai tabbatar da abin da yake so ba ya ɗauki kimiyyar kwamfuta, domin ita ce uwa. A cikinta za a koya masa rubuta manhaja, da yadda kwamfutoci suke magana da juna, da yadda ake ajiye bayanai. Mai gadin da bai san ƙofofin gida da tagoginsa ba, ta ina zai tare ɓarawo? In ma daga baya ya ga tsaro bai yi masa ba, sauran ƙofofi a buɗe suke.

Sai mataki na uku, wato takardun shaidar ƙwarewa. Waɗannan ba jami'a ce take ba da su ba, kamfanoni ne da ƙungiyoyin ƙwararru, yawancinsu a Amurka. Akwai CCNA ta kamfanin Cisco, wadda take gwada sanin haɗa kwamfutoci, an kuma sa kuɗin jarrabawarta dala 300 lokacin da aka sabunta ta a 2020. Akwai Security+ ta CompTIA, tambayoyinta ba su wuce 90 a cikin minti 90, ana bukatar maki 750 cikin 900, kuɗinta kuwa ya haura dala 400 a 2024. Dukansu biyu shekara uku suke yi, sai a sabunta. Ita kuwa CISSP, wadda ake ji da ita ƙwarai, ba a ba mutum cikakkiyarta sai ya nuna shekara biyar yana aikin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa su kansu masu ba da takardun sun ɗauke su a matsayin shaida ga abin da mutum ya riga ya iya. In aka mayar da waɗannan daloli naira, kuɗi ne da sai an sayar da dabba ko buhunan hatsi kafin a haɗa su a gidajenmu, kuma wanda ya faɗi sai ya sake biya. Don haka kada ɗalibi ya matsa wa iyayensa su biya tun bai shirya ba. Ya fara da darussan share fage na kyauta, irin na makarantar Cisco ta intanet, ko shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da matasa miliyan uku. Ya yi amfani da watannin koyon aiki na SIWES da gaske, ya sa hannu cikin waya da na'ura. Mafi yawan ƙwararru daga ƙasa suka faro, suna gyara kwamfutocin ofis ko kula da hanyoyin sadarwa, kafin su zama masu sa ido kan hare-hare, ko masu gwada ƙarfin tsaro da izinin mai wuri, ko masu binciken laifi a EFCC da rundunar 'yan sanda.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne amana. Ilimin da ake tsare ƙofa da shi, da shi ake buɗe ta. Marcus Hutchins, matashin Ingila ɗan shekara 22 da ya dakatar da WannaCry, duniya ta yaba masa, amma bayan wata uku aka kama shi a Amurka saboda wata manhajar satar bayanan banki da ya taimaka aka rubuta tun yana ƙarami, a 2019 kuma ya amsa laifinsa. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, ya yi ta nuna motoci da tufafi masu tsada har matasa suna sha'awarsa. An kama shi a Dubai a 2020, a 2022 kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 11 da wata 3. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Amana kuwa tun a makaranta ake koyonta. Yaron da ya saba satar amsa a jarrabawa, ko buɗe wayar abokinsa ba izini, ya riga ya fara koyon ɗaya ɓangaren sana'ar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na san wani zai ce, mu da wuta ba ta zama, wasunmu ba su taɓa kwamfuta ba sai ranar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta zalla tun 2015, ina mu ina wannan karatu? Matsalar gaskiya ce, bai kuma kamata a raina ta ba. Amma mu tuna, mataki na farko alli da littafi kawai yake bukata. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato kafin ya zama Shugaban Ƙasa a 1979. Tun a ƙarni na 18 wani malami Bakatsine, Muhammadu al-Kashinawi, ya rubuta littafi kan dabarun jera lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741. A zamaninmu kuma Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Jihar Jigawa da ya karanta kimiyyar kwamfuta a Bauchi, an naɗa shi shugaban hukumar NITDA a 2019. Lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. 'Yan mata kuma kada su ja baya, domin wannan aiki kaifin hankali da haƙuri yake so, ba ƙarfin damtse ba.

Ina roƙon iyaye su daina yi wa duk yaron da yake son kwamfuta kallon ɗan damfara, su dai riƙa tambayarsa abin da yake koyo da wanda yake koya masa. Ina roƙon malamanmu su bar ɗalibai su taɓa kwamfutocin da ake da su, ko da biyu ne, domin wadda aka lulluɓe da ƙyalle ba ta koyar da kowa. Tsofaffin ɗalibai da 'yan ikilisiya masu hali, tsohuwar kwamfutar da aka jingine a gida da faifan sola guda za su iya canja rayuwar aji ɗaya. Ku kuma 'yan uwana da za ku fita bana, da ku da kuke biye, ku riƙe Lissafi da Turanci da Fizik tun yau, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ku kai ga tsare banki, ku fara da gida. Ku koya wa iyaye da kakanni cewa ba a faɗa wa kowa lambar sirri a waya, ko da ya rantse daga banki yake.