Shin Kifi Yana Girma Ne Daidai da Mazubinsa?



Bara ƙanena ya dawo Bebeji daga birni da kifaye biyu masu ruwan zinare a cikin tulun gilashin da bai fi cin lita uku ba. Wanda ya sayar masa ya ce ya kwantar da hankalinsa, ai kifi daidai da mazubinsa yake girma. Ba su cika wata biyu ba suka mutu, ɗaya bayan ɗaya, alhali yaron bai taɓa fashin ba su abinci ba.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar mutumin, shi ya sa take ruɗar jama'a. Kifin da aka kulle a ƙaramin mazubi yakan tsumbure. Sai dai tsumburewa ciwo ce. Da mun ga yaron da ya kasa girma, ba za mu ce ya daidaita jikinsa da ɗakin mahaifiyarsa ba, asibiti za mu nufa da shi. Irin wannan kifi, idan ya sami wuri da kulawa, yana iya kai tsawon santimita 30, ya kuma haura shekara 10 a raye.

Ga abin da ke faruwa a cikin tulun. Kifi yana fitar da wani sinadari mai guba, amoniya, ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai, ga kuma kashinsa da ragowar abincin da ke ruɓewa. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a jikin tsakuwa da matatar ruwa, su ne suke sauya gubar nan ta koma mai sauƙi. A lita uku, babu matata, kafin su yi aikinsu gubar ta taru. Kuma amoniya ba ta da launi, ruwan yana iya yin garau a ido alhali yana ƙona kifin. Iskar da yake shaƙa kuwa ta saman ruwa take shiga, tulu ga shi da ƙaramin baki. A zafin bazara abin ya fi muni, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Da hunturu kuma, musamman can wajen Tudun Wada da Doguwa, ƙaramin ruwa nan da nan yake ɗaukar sanyin dare.

A ganina tarwaɗa ce ta ɓata mana lissafi. Mun saba ganinta a bakin madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, tana motsi a cikin daro da ɗan ruwan da bai rufe bayanta ba, sai muka ɗauka duk kifi haka yake. Ita Allah Ya yi mata wata gaɓa ta shaƙar iskar sarari, abin da karfasa da kifin zinare ba su da shi. Ita ma ɗin juriya take yi. Matasan da ke kiwonta a tankunan roba, daga Kiru har nan Bebeji, sun san idan aka cunkusa ta girmanta yakan ja baya, manya su cinye ƙanana.

Ƙanena ya ƙara da wani kuskuren, kuma da kyakkyawar niyya ya yi shi: kowace Juma'a sai ya zubar da ruwan duka, ya wanke tulun da sabulu. Da hannunsa yake kashe bakteriyar da ke taimakonsa. Abin da ya dace shi ne a canza kamar rubu'in ruwan a mako, ba tare da sabulu ba.

Mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Kyanwa ko ba komai tana kuka a ji ta. Kifi kuwa sai dai a gan shi a saman ruwa yana buɗe baki, yara suna cewa gaisuwa yake yi.

Yanzu ƙanena yana tara kuɗin akwatin gilashi mai faɗi da matata. Na ce masa sai ya haɗa su, ruwan ya zauna, sannan a yi maganar sayen kifi. Tulun kuwa Inna ta zuba tsamiya a ciki.