Wa Ya Haukata Ofiliya?

Idan ka karanta wasan kwaikwayon Hamlet, wanda Wiliyam Shekisfiya na ƙasar Ingila ya rubuta wajen shekarar 1600, za ka ji masu sharhi da dama suna cewa ciwon so ne ya haukata Ofiliya. Ni dai ban yarda ba. A ganina an bar jaki ne ana dukan taiki.

Labarin ya faru ne a fadar Elsino ta ƙasar Danmak. Ofiliya 'yar Foloniyas ce, babban mai ba Sarki Kulodiyas shawara. Yarima Hamlet yana sonta, yana aiko mata da wasiƙu da kyaututtuka. Da uban ya sami labari, sai ya hana ta sauraronsa, domin a cewarsa ɗan sarki ya fi ƙarfinta, kuma alkawarin saurayi ba abin dogara ba ne. Kada ka yi saurin zarginsa a nan. Duk uban da ke tsoron a yaudari 'yarsa yana da hujja. Ofiliya kuwa ta bi umarni, ba musu.

Abin da ya biyo baya shi ne wurin dubawa. Fatalwar tsohon sarki, wato mahaifin Hamlet, ta bayyana ga ɗanta, ta shaida masa cewa Kulodiyas ne ya kashe shi da guba, ya gaje sarautarsa, ya kuma auri matarsa. Daga nan Hamlet ya shiga haukan ƙarya don ya ɓoye niyyarsa ta ɗaukar fansa. Foloniyas bai san wannan ba. Da ya ji yariman ya faɗo wa Ofiliya a ɗaki a birkice, nan take ya yanke hukunci cewa so ne ya taɓa masa hankali. Ya ɗauki wasiƙar soyayyar da aka rubuta wa 'yarsa, ya karanta ta a gaban sarki da sarauniya. Bai tsaya nan ba. Ya miƙa mata littafin addu'a, ya tsayar da ita a hanyar Hamlet, shi da sarki suka laɓe suna saurare. Ka ga yarinyar da aka hana magana da masoyinta jiya don kare mutuncinta, yau ita aka ɗana tarko da ita don uban ya gaskata zatonsa a fada.

Hamlet ya zazzaga mata baƙaƙen maganganu, har ya ce ta tafi gidan matan da suka bar aure don ibada. Shi ma yana da nasa laifin, ba na wanke shi. Amma lura da uban: da ya fito daga maɓoya bai rarrashe ta ba, sai ya juya ga sarki yana shirya wani sabon laɓen. Wannan laɓe ne ajalinsa, domin a bayan labulen ɗakin sarauniya Hamlet ya soke shi da takobi.

To, wa ya rage wa Ofiliya? Wanta Layatis yana Faransa. An tura Hamlet Ingila. Mahaifiyarta kuwa ba ta cikin wasan sam. Tun tasowarta ba a taɓa barinta ta yanke wa kanta shawara ba, ita dai 'yar amshin Shata ce. Da muryar da take amsa wa ta yi shiru, sai hankalinta ya gushe. Za ka iya cewa ai cikin waƙe-waƙen da take rerawa akwai na budurwar da aka yaudara. Gaskiya ne, so yana ciki. Sai dai ka tuna, ta jure rabuwa da Hamlet, ta jure cin mutuncinsa, hankalinta bai tafi ba sai bayan da aka binne uban a gaggauce.

Daga bisani reshen bishiya ya karye da ita, ta faɗa rafi ta nutse. A bakin kabarinta, sarauniya ta watsa furanni, ta ce da ma burinta shi ne Ofiliya ta zama matar ɗanta. Ashe auren da Foloniyas ya ce ya fi ƙarfin 'yarsa, uwar yariman da kanta tana fatansa.