Gwajin Madara Da Rubuta Bayanan Garke: Giɓin Da Ya Rage A Potiskum

Kasuwar shanun Potiskum, jihar Yobe, tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, amma galibin nonon rugagen yankin yakan isa hannun masu saye ba gwaji. Wannan haɗari ne, domin tarin fuka da bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, suna kama mutum ta ɗanyar madara.

Kamfanonin sarrafa madara kuwa sai sun gwada suke saye. Don haka ya kamata Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, wadda aka kafa a 2024, ta kai kayan gwaji rugage, ta koya wa makiyaya rubuta haihuwa, rigakafi da yawan tatsar kowace saniya. In ba haka ba, madarar waje za ta ci gaba da mamaye kasuwa.